Tarihin Makullai Ukku na Mota Otomatik

Duk wanda ya taɓa tuƙa mota otomatik, wato mai canja bitesi da kanta, ya san tana da taurin kai iri ukku. Inji ba ya tashi sai sandar bitesi tana kan P ko N. Sandar ba ta fita daga P sai an taka birki. Mabuɗi kuma ba ya zaruwa sai an maida sandar kan P. Wasu direbobi suna ɗaukar wannan a matsayin lalacewa. Alhali da gangan aka yi shi. Yawancin labarin a Amurka ya faru.

A farkon zamanin mota, da hannu ake tada inji. Mutum ya tsaya gaban mota yana juya wani lanƙwasasshen ƙarfe. A 1912 kamfanin Cadillac ya fara saida mota mai sitata ta lantarki, aikin wani injiniya mai suna Charles Kettering. A ƙarshen 1939 kuma kamfanin General Motors ya fito da Hydra-Matic a cikin motocin Oldsmobile. Ita ce otomatik ta farko da aka ƙera da yawa.

Sauƙi ya samu, amma da haɗarinsa. Mota mai kuloci, in an tada ta tana cikin bitesi, sau da yawa sai ta yi tsalle ta mutu. Otomatik kuwa ba ta da kuloci a ƙafa. In inji ya tashi tana cikin bitesi, tafiya za ta yi. Shi ya sa aka yi makulli na farko. Wani ɗan makunni ne da ke haɗe da sandar bitesi. In sandar ba ta kan P ko N, sai ya yanke wutar da ke zuwa sitata.

A lokacin kuma kowane kamfani da irin jerinsa. A motoci da yawa, R na komawa baya tana can ƙarshe, kusa da L ta hawan tudu. Hannu ya ɗan zarce, mai son zuwa gaba sai ya koma baya. Wani lauya, Ralph Nader, ya soki wannan jeri a littafinsa na 1965. Daga 1968 dokar Amurka ta ce tilas N ta shiga tsakanin gaba da baya, kuma tilas sitata ta ƙi aiki in mota tana cikin bitesi. Jerin P, R, N, D da muka sani ya dace da wannan doka.

Sai maganar P. A cikin akwatin bitesi akwai wata ƙafa mai haƙora. In an sa P, wani ɗan ƙugiyar ƙarfe yakan faɗa tsakanin haƙoran, ya hana mota gangarawa. Amma in sandar ta tsaya tsakanin P da R, direba yana tsammanin ya kulle, alhali ƙugiyar ba ta kama ba. A shekarun 1970 an kai ƙarar motocin Ford da yawa kan haka. Mutum ya fita ya bar inji yana aiki, mota ta koma baya ta take shi. Kamfanin bai yarda akwai aibi ba. A ƙarshen 1980 aka sasanta da gwamnati, ya aika takardar gargaɗi ta liƙawa ga masu motoci sama da miliyan 20. Takardar ta ce a sa P sosai, a ja birkin hannu, a kashe inji. Gargaɗi dai ba ya riƙe mota. Daga 1992 doka ta ce kada mabuɗi ya zaru sai mota tana kan P. Wannan shi ne makulli na biyu.

Makulli na ukku shi ya fi tada ƙura. A shekarun 1980 masu motar Audi 5000 suka dinga cewa tana zabura da kanta da zarar an fita daga P. A watan Nuwamba 1986 shirin talabijin na 60 Minutes ya nuna labarin, jama'a suka firgita. A 1985 Audi ta saida motoci kusan 74,000 a Amurka. A 1991 sun koma kusan 12,000. Hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka ta yi bincike, ta ba da sakamako a 1989. Ta ce galibi direbobi ne ke taka totur suna zaton birki ne, kuma da mota ta zabura sai su ƙara dannawa.

Tun kafin a gama gardama, a 1987, Audi ta kira motoci kusan 250,000 ta saka masu sabon makulli. Dabarar mai sauƙi ce: in ƙafa tana kan birki, ba ta kan totur. Sauran kamfanoni suka bi sawu. An kuma ga yana tsare yara, don yaro da ke wasa cikin mota ba ya iya jan sanda ya gangarar da ita. Daga watan Satumba 2010 ya zama tilas ga sabbin motoci otomatik a Amurka.

Ga yadda yake aiki. Ƙarƙashin sandar bitesi akwai wani ɗan ƙarfe da ya tokare ta. In an kunna mabuɗi aka taka birki, makunnin da ke kunna jajayen fitilun baya yakan aika wuta ga wani maganaɗisun lantarki. Shi kuma ya janye ƙarfen. Ku saurara da kyau, za ku ji ɗan ƙarar "ƙas". Saboda haka in sanda ta maƙale kan P, a fara duba fitilun birki da fis ɗinsu da batir. Motoci da yawa suna da ɗan rami mai murfi kusa da sandar, wanda ake dannawa a saki makullin don a ja mota zuwa garaji.

Motocin da ake kawo mana na hannu, waɗanda aka yi amfani da su a Turai ko Amurka, da yawansu otomatik ne, kuma da waɗannan makullai suke zuwa. In ɗaya ya lalace, wani makanike yakan ce a cire ƙarfen ko a haɗa waya kai tsaye, don ya fi arha. Mota za ta tashi, gaskiya ne. Amma ta koma irin ta shekarun da muka ba ku labari, a cikin gida mai yara da kasuwa mai cunkoso. Ku ce masa ya gyara, kada ya cire. Kuma duk inda kuka tsaya, ku sa P, ku ja birkin hannu, ku kashe inji, sannan ku fita.