Daga Fijo ta Kakuri zuwa 'Yar Kwatano: Yadda Tsohuwar Mota Ta Zama Motar Kowa

Idan mutum ya ce ya yi sabuwar mota a Kano ko Kaduna ko Gusau, ba wanda zai ɗauka cewa daga kamfani ta fito. Abin da ake fahimta shi ne ba ta daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba, kuma ba a taɓa ɗaura mata lambar Najeriya ba, ko da kuwa wani Bature ya shekara 10 yana hawanta. Wadda ta fito daga kamfani sai an ƙara da "fil a leda" kafin a gane. Kalma ba ta sauya ma'ana haka kawai. Tarihin kusan shekara 50 ne a bayanta, kuma abin da tarihin yake nunawa shi ne, tun da rancen mota na ma'aikata ya mutu, gwamnati ba ta sake zaɓar wa ɗan Najeriya motar da zai hau ba. Aljihunsa ne da bakanikensa suke zaɓa, kuma su ne za su yanke wa mota mai lantarki hukunci.

Akwai lokacin da gwamnati ce ke zaɓa. Kuɗin man fetur ya shigo bayan yaƙin basasa, gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙulla yarjejeniya da kamfanonin Turai su zo su harhaɗa motoci a gida. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, Kaduna, aka kuma buɗe ta Volkswagen a Legas. Daga baya manyan motoci suka biyo: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Marsandi a Enugu. Buɗe Kakuri ya zo daidai da ƙarin albashin Udoji, ga rancen mota da ake cirewa kaɗan-kaɗan a albashi, har ƙaramin ma'aikaci mai digiri yakan sa ran Bitil ko Fijo a shekarunsa na farko a aiki. Gwamnatin soja da ta biyo baya ta mai da Fijo 504 motar manyan jami'ai, don haka kasuwarta ta tabbata tun kafin ta fito daga layi. Sai dai akwai lam'a a cikin nono: harhaɗawa ake yi, ba ƙerawa ba. Yawancin sassan daga Faransa suke zuwa, har an yi shekaru ana jigilarsu ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, sannan a kai su Kaduna. Motar da ake kira ta gida, da kuɗin waje ake biyan injinta.

Wannan ne ya karya ta. A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. Da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin SAP na sake fasalin tattalin arziki a 1986, aka saki naira a kasuwar gwanjon kuɗin waje, kafin shekarar ta ƙare dala tana neman naira 4, zuwa 1993 kuma ta kai 22 a farashin gwamnati. Farashin sabuwar mota ya bi dala, albashi ya tsaya inda yake, rancen kuma ya zama labari. Masana'antun suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Ta Kaduna ce ta fi daɗewa, ta ci gaba da fitar da 504 har 2006, shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, amma masu saye a lokacin yawanci ma'aikatu ne.

Gurbin da suka bari, tsofaffin motocin Turai ne suka cike shi. Yarbawa suka kira su tokumbo, wato abin da ya zo daga ƙetaren teku. A Arewa aka ce Beljiyam, domin daga tashar Antuwaf ake loda da yawa daga cikinsu, ko a ce 'yar Kwatano, domin nan suke sauka. Harajin Jamhuriyar Benin bai kai na Najeriya ba, sai hanya ta buɗe da kanta: a rubuta cewa motar Nijar za ta, a bi da ita ta Malanbil da Gaya, daga Birnin Ƙonni ko Maraɗi kuma ta juyo kudu ta Illela ko Jibiya. Dillalai da direbobi da masu fito da kaya dubbai suka rayu da wannan zagaye. Gwamnati ta yi ta ƙoƙarin toshe shi. An sa iyaka ga shekarun motar da za a shigo da ita, aka yi ta ɗagawa ana saukewa. A 2013 aka fito da tsarin da ya kai harajin mota kashi 70 cikin 100. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, a Agustan 2019 kuma aka rufe iyakokin gaba ɗaya har fiye da shekara. Kowane mataki ya ƙara wa tsohuwar mota tsada, amma babu wanda ya sa sabuwa ta sauko inda malamin makaranta zai iya kai hannu.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne, ba kowace tsohuwar mota ce ta samu shiga ba. Akwai mai tacewa, kuma yana zaune a gareji ƙarƙashin bishiyar dalbejiya. Mai son sayen mota ba ya zuwa wurin dillali shi kaɗai, da bakanikensa yake tafiya. Shi zai buɗe gaba, ya zaro sandar baƙin mai ya murza a yatsa, ya sa a taka totur ya leƙa hayaƙin salansa, ya ƙwanƙwasa bodi ya ji ko an yi cike. Tambayar da take yanke ciniki kuwa guda ce: akwai kayanta a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Fanteka? Shi ya sa Golf da Sharon suka riƙe tashoshin mota shekara da shekaru, shi ya sa Honda Hala da Henesi da Fijo 406 suka yi zamaninsu, Corolla da Camry kuma suka gaje su. Motoci masu kyau da yawa sun zo sun ruɓe a bakin gareji don an rasa ƙaramin abu guda. Har sauyin fasaha sai da ya jira amincewar makanikai: an daɗe ana gudun mota mai injekta da mai giyar otomatik, ana neman mai kafireta, har sai da yaran gareji suka koyi aikinsu aka samu na'urar da ke karanta matsala. Ga kuma lissafin sayarwa. A ƙasar da kuɗi ke narkewa a banki, mota ajiya ce, kuma wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin mako ɗaya ranar wata lalura ta fi wadda ta fi ta kyau.

Wani zai ce fasa-ƙwauri da sakacin hukuma ne suka kashe masana'antun, da an tsare iyaka da yanzu motar gida ake hawa. Akwai gaskiya a ciki, amma jerin abubuwan bai goyi bayansa ba. Masu saye ne suka fara ɓacewa, sannan Kwatano ta cika. Yau ma ana harhaɗa motoci a Nnewi da Legas da Kaduna, amma wanda zai biya kuɗin mota lakadan, ba rance mai sauƙin ruwa, tsohuwa zai nufa ko da an kulle kowace iyaka.

A kan wannan ƙasa mota mai lantarki ta sauka. A ƙarshen 2020 aka nuna Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, a 2021 kuma hukumar ƙera motoci ta ƙasa, ƙarƙashin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Jama'a sun kalla sun wuce, domin litar fetur ba ta kai naira 200 ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, lita ta haura 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. Daga nan maganar ta tashi daga bikin ƙaddamarwa ta koma lissafin abinci. Ba mamaki da abin ya fi kama ƙasa wajen masu haya. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan bas-bas yana sa musu batir, gwamnatin Borno kuma ta zuba tasi masu lantarki a titi. Direban da ke shan mai kullum shi ne ke ganin bambanci kowace yamma.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne babu wuta, kuma ƙasar da ke raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ga mutum sama da miliyan 200 ba za ta musa ba. Amma mutanen da suka saba da janareto, suka cika rufin gidaje da sola ba tare da sun jira kowa ba, za su nemo hanyar caji idan riba ta bayyana. Masu goyon bayan mota mai lantarki kuma suna cewa ba ta da fulogi, ba juye, ba lagireto irin na injin fetur, don haka zamanin bakanike ya wuce. Nan ma ban yarda ba. Yawancin masu lantarkin da talaka zai iya saye tsofaffi za su zo, daga Turai ko Amurka ko Sin, kuma a tsohuwar mota mai lantarki batir ne rabin kuɗin. Ƙarfinsa yana raguwa da shekaru, zafi irin na Sakkwato a watan Afrilu yana ƙara cin sa, kuma ba a gane lafiyarsa da kunne ko da murza yatsa. Aikin zai tashi daga hannun mai inji ya koma hannun mai wayarin, wanda zai iya auna batir, ya ciro ɓangaren da ya mutu ya sa wani. Masu gyaran Prius da sauran motoci masu haɗa fetur da batir sun riga sun fara wannan a Legas da Abuja, da batiran da ake cirowa daga motocin da suka yi haɗari a waje.