Kukan Jama'a da Babban Taro: Darasi Daga Tarihin Taraba

 Yau za mu dubi tarihin jiharmu tare da Littafin Nehemiya sura 5.

Ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya fitar da Jihar Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, Jalingo ta zama babban birni. Gwamnan farar hula na farko shi ne Rabaran Jolly Nyame, ɗan ƙasar Zing, fasto a ikilisiyar United Methodist. Ya yi mulki daga 1992 zuwa 1993, ya sake dawowa daga 1999 zuwa 2007. Kiristoci da yawa sun yi murna cewa bawan Allah ne ya hau kujera.

A 2007, bayan ya sauka, hukumar EFCC ta kai shi kotu a Abuja, tana zarginsa da karkatar da naira biliyan 1.64 na jihar, ciki har da kuɗin sayen takardu da kayan ofis. Ya musa. Shari'ar ta ci shekara 11. Ranar 30 ga Mayu, 2018, Mai Shari'a Adebukola Banjoko ta same shi da laifi a tuhuma 27 daga cikin 41, ta yanke masa ɗaurin shekara 14. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 12, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da ɗaurin a 2020. A 2022 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi masa afuwa, ya fito daga kurkukun Kuje.

Ba mu kawo wannan don mu jefi kowa ba, gama dukanmu masu bukatar alheri ne. Amma ku yi tunani. Kuɗin gwamnati ba ya fita da ƙafarsa. Wani ne yake rubuta takarda, wani ya sa hannu, wani ya karɓo daga banki. Waɗansu jami'an jihar sun ba da shaida a kotu, amma a lokacin kuɗin ya riga ya tafi. Littafin Firistoci 5:1 ya nuna cewa wanda ya ga abu ko ya sani, aka nemi shaida ya yi shiru, alhakin yana kansa.

Yanzu ku dubi Urushalima, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu. Yunwa da harajin sarki sun sa talakawa sun jinginar da gonakinsu, har 'ya'yansu suka shiga bauta. Masu cutarsu kuwa 'yan'uwansu Yahudawa ne. Wa ya fara magana? Talakawan ne da matansu suka ta da kuka. Da Nehemiya ya ji, ya kira babban taro, ya tsauta wa manya a gaban jama'a. Suka yi rantsuwa a gaban firistoci cewa za su mayar da gonaki da gidaje, taron duka ya amsa da Amin. Shi Nehemiya kuma shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba, saboda tsoron Allah.

'Yan'uwa, tsauta wa baƙo ba wuya. Gwajin yana zuwa ne sa'ad da mai laifin ɗan kabilarmu ne, ko ɗan majami'armu, ko wanda ya saya mana kwanon rufin ɗakin sujada. Idan muka rufe masa, asibitin ƙauyenmu ne zai rasa magani, malamin makarantar 'ya'yanmu ne zai rasa albashi, Kirista da Musulmi duka su sha wahala.

Saboda haka dattawan ikilisiya su tambayi inda babbar kyauta ta fito kafin su karɓa. Ma'aikaci ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, ikilisiya kuma ta tallafi iyalinsa idan aka kore shi. Zumuntar mata da matasa su tafi tare wurin kansila su tambayi kuɗin rijiyar da ba a haƙa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba mu ƙarfin hali da tawali'u mu faɗi gaskiya cikin ƙauna. Amin.