Direban Interception: Manhajar Kyauta da Ba Kowa Ke Iya Gyarawa Ba

Harafin da mutum ya danna a kan allon madannai na kwamfuta ba ya bayyana a fuskar na'ura kai tsaye. Sai ya bi ta hannun wata ƙaramar manhaja da ake kira direba, wadda ke zaune can cikin zuciyar babbar manhaja irin su Windows, tana karɓar saƙo daga madannai tana miƙa shi gaba. Idan direba ya tsaya, madannai sun daina aiki ke nan, ko da kuwa sabbi ne fil.

Interception wani direba ne na Windows da ke tare wannan saƙo a hanya, domin a sauya shi kafin ya isa. Manhajojin sauya aikin maɓallai, irin su Kanata da AutoHotInterception, suna amfani da shi, musamman saboda yana iya bambance allon madannai biyu da aka jona wa kwamfuta guda.

Sai dai yana da wata tangarɗa da ta daɗe tana ci wa jama'a tuwo a ƙwarya. Gurbi 10 kacal ya tanada wa allunan madannai, da wasu 10 na linzamin kwamfuta. Duk lokacin da aka cire allo aka mayar, sai ya ɗauke shi a matsayin baƙo ya ba shi sabon gurbi, ba tare da ya saki na baya ba. Haka kan faru a wasu kwamfutoci idan sun farka daga barci. Da zarar guraben sun cika, allon ba zai sake motsi ba sai an kashe kwamfutar an kunna. Masu madannan Bluetooth, waɗanda kan yanke su sake haɗuwa sau da yawa a yini, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Me ya hana wani ya gyara? Amsar tana cikin lasisi. Kashi biyu aka raba manhajar. Ɓangaren da sauran manhajoji ke magana da shi a buɗe yake, ƙarƙashin lasisin LGPL, ga wanda ba kasuwanci zai yi da shi ba. Shi kuwa direban kansa, inda matsalar take, a ƙulle ake raba shi. Mai son sayar da abin da ya gina a kansa sai ya sayi lasisin kasuwanci, haka ma mai son ganin rubutun asalin direban, kuma nasa lasisin daban ne. Babu laifi mai aiki ya nemi ladan guminsa. Abin da ke ruɗa mutane shi ne sunan "kyauta", wanda ke sa a zaci ƙofar gyara a buɗe take.

Abin mamaki, irin wannan ƙulli ne ya haifar da fafutukar 'yancin manhaja tun farko. Wajen shekarar 1980, a jami'ar MIT da ke Amurka, an hana Richard Stallman rubutun asalin manhajar wata na'urar buga takardu ta Xerox da ke yawan cushewa. A 1983 ya shelanta shirin GNU, a 1985 kuma ya kafa gidauniyar FSF, wadda ke auna manhaja da 'yanci huɗu: amfani da ita, nazarinta da sauya ta, raba ta, da raba wadda aka gyara. Kuɗi ba ya cikin ma'aunin.

Akwai kuma shinge na biyu. Tun daga Windows 10 na shekarar 2016, sabon direba ba ya aiki sai da sa hannun Microsoft, kuma neman sa hannun yana buƙatar takardar shaida da ake saye da kuɗi. Saboda haka ko ɗan sa-kai ya rubuta madadi, rarraba shi wani hawa ne daban.

Ga masu rubutun Hausa da ke neman ɓ, ɗ da ƙ, manhajar Keyman ta bi akasin wannan hanya. Da can kamfanin Tavultesoft na Ostareliya ne ke sayar da ita. Ƙungiyar SIL ta karɓe ta a 2015, ta mayar da ita kyauta, daga baya ta buɗe rubutun asalinta ƙarƙashin lasisin MIT, wanda ya halatta gyara da kasuwanci duka.