Zauren Maigida Da Malamin Gona: Tarihin Koyo Da Tallafi A Sokode Da Dapaong

Duk wanda ya tashi a zangon Sokode ko na Dapaong ya san zaure, ya san tabarmar da ake shimfiɗa wa baƙo, ya kuma san yaron gida da ake aika kasuwa ya jiyo farashi kafin a sauke kaya. Mun saba ɗaukar waɗannan a matsayin al'ada kawai, alhali su ne makarantar sana'a da asusun tallafi na farko da kakanninmu suka kafa a wannan ƙasa.

Hanyar Gwanja ce ta kawo mu. Ayarin fatake na tasowa daga Kano da Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su sauka ƙasar Kotokoli, sannan su nufi Salaga sayen goro. Unguwar Didawure ta Sokode daga irin wannan zirga-zirga ta Musulmin 'yan kasuwa ta girma. Wata hanyar kuma takan bi ta arewa, ta ƙasar Gurma, ta faɗa Sansanin Mango, garin da har yau sunansa ke ɗauke da kalmarmu. Dapaong kuwa daga baya ta bunƙasa, har ta zama babban birnin yankin Savanes.

A kowane zango akwai maigida. Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba shi bashi, ya shiga tsakani idan rigima ta tashi da masu gari. Yaron da aka danƙa wa maigida yakan shekara da shekaru yana koyon aune-aune da lissafin wuri, da yadda ake ɗaure goro a huhu a riƙa yayyafa masa ruwa kada ya bushe a hanya, da harshen Tem ko na Anufo don ciniki da mutanen ƙauye. Da asuba da dare yana gaban malam da allonsa. In ya kawo ƙarfi sai maigida ya ba shi jari, sau da yawa har ya yi masa aure. Ba a rubuta yarjejeniya ba, shaidar jama'a ce takardarsa, kuma ta ishe shi daga Salaga har Sakkwato.

Da Jamusawa suka kafa mulki, a wajen malamanmu suka fara neman sani. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya bar Salaga bayan yaƙin basasar 1892 ya zauna Kete-Krachi, shi ya rubuta wa jami'insu Adam Mischlich tarihi da al'adun Hausawa da ajami. Mischlich ya buga ƙamus ɗin Hausa a 1906. Kete-Krachi yau tana cikin Gana, amma a lokacin ƙasar Togo ce ta Jamus, kuma malamin ya ci gaba da karantarwa a can har rasuwarsa a 1934.

Sai dai abin da gwamnatin Jamus ke so daga karkara auduga ce. A 1901 wasu baƙaƙen fatar Amurka daga makarantar Tuskegee ta Booker T. Washington suka fara gonar gwaji a Tove, kusa da Kpalime. A 1904 aka buɗe makarantar noman auduga a Notse a hannun ɗayansu, John Robinson. Hukumomin gundumomi ke turo samari, har daga gundumar Sokode, a koya musu huɗa da garmar shanu da shuka a layi. Shanun sukan mutu da cizon ƙudan tsando. Waɗanda suka gama kuma ba a bari su koma gida yadda suke so, sai a zaunar da su a wuraren da hukuma ta zaɓa su noma mata auduga, shi ya sa da yawa suka gudu. Robinson kansa ya nutse a kogin Mono a 1909. Wannan ita ce makarantar manoma ta farko da hukuma ta riƙe a ƙasar nan, kuma ta bar tabo: talaka ya fahimci cewa in gwamnati ta zo koya masa noma, akwai abin da take son kwasa.

Faransawa sun gaji tsarin da ƙungiyoyin tanadi na dole, inda manomi ke biyan kuɗi tare da haraji a ba shi rancen iri. Bayan samun 'yanci a 1960 aka kafa hukumomin raya yankuna da ake kira SORAD, sannan kamfanin auduga SOTOCO a 1974. Daga nan ne mutanen karkara suka saba da malamin gona mai zuwa a kan babur, yana rubuta sunayen 'yan ƙungiya, yana raba iri da taki da maganin feshi bashi, a cire kuɗin ranar awon auduga. A 1997 aka ɗora aikin ba manoma shawara a kan hukumar ICAT, a 2009 kuma NSCT ta maye gurbin SOTOCO. Sunaye sun sauya, amma ƙofar shiga ɗaya ce: ka kasance mai gona, kana cikin ƙungiyar ƙauye.

Mu kuwa ƙasar noma ta Tem ce a Sokode, ta Moba da Gurma a Dapaong. Namu shi ne fawa da tireda da ɗinki da dillancin dabbobi da sayen hatsi a kasuwannin ƙauye. Malamin gona ba shi da abin da zai rubuta a kanmu, don haka ya wuce ƙofar zango shekara da shekaru bai tsaya ba. Kada mu ɗora masa laifin duka. Iyayenmu ma sun ƙi lakwal, suna tsoron abin da za ta yi wa addinin yaro, kuma tsoron yana da dalili tunda yawancin makarantun farko na mishan ne. Amma kuɗin wannan ƙin jikoki ke biya.

Akwai abin koyi a gefen Dapaong da ya kamata mu sani. A ƙauyen Tami, cocin Katolika ta kafa cibiyar horar da manoma tun shekarun 1970, inda miji da mata da 'ya'yansu ke tarewa har shekara biyu, suna noma da shanu, suna koyon kiwo da karatu da lissafi, sannan su koma ƙauyensu. Akwai irinta a Ogaro. Wanda ya lura zai ga kamarta da zauren maigida: mai koyo yana ci yana kwana a inda yake koyo, kuma ba a sallame shi hannu rabbana.

Batun harshe ma ya bar mu a baya. Gyaran ilimi na 1975 ya zaɓi Ewe da Kabiye a matsayin harsunan ƙasa, aikin yaƙi da jahilci na manya kuma ya ƙara da Tem da Moba. Hausa, wadda ake ciniki da ita daga Sinkase har Lome, ba ta cikin jerin. Sai ka tarar da dattijon da ke rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami, ya haddace izu sittin, amma a ofis ana dangwala masa yatsa a tawada kamar wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba.

Yau maigidan jiya shi ne mai shagon ɗinki, da mai garejin babura, da sarkin fawa, kuma har gobe yara daga ƙauyuka na zuwa hannunsu. A Togo koyon sana'a yana da doka: ana rubuta yarjejeniya tsakanin mai shago da iyayen yaro, akwai majalisun masu sana'ar hannu a yankuna, akwai jarrabawar kammalawa mai ba da takardar CFA, sannan a yi bikin yaye. Da yawa daga cikin masu shagunanmu ba su rajistar yaransu, suna ganin ɓata kuɗi ne da lokaci, ga Faransanci da ke tsaya musu a wuya. Yaro zai yi shekara biyar ya ƙware, amma ranar da wata hukuma ta zo raba keken ɗinki ko rancen jari, takarda za a tambaya. Mun ga haka a 2020 lokacin annobar korona, da aka kawo tallafin Novissi ta wayar hannu a Lome sannan a Tchaoudjo: katin zaɓe aka duba, da sana'ar da ke rubuce a bayanan mai katin. Wanda bai yanki kati ba, adashen unguwa da zakkar attajirai suka rufa masa asiri.

Tun harin Kpekpakandi na watan Mayun 2022, da dokar ta-ɓaci da aka sa a yankin Savanes a watan Yuni na shekarar, iyalai da dama sun baro ƙauyukan kan iyaka sun sauka Dapaong. Samarin da suka rasa gona suna neman inda za su koyi sana'a, wasunsu kuma ƙofar shagunan zango suke tsayawa. Masu shagunan suna karɓarsu kamar yadda kakanni suka karɓi baƙo, da tabarma da kwanon tuwo. Abin da ya rage a kan kowane mai shago shi ne ya taka zuwa majalisar masu sana'a da yaron da waliyyinsa, a rubuta sunansa da ranar da ya fara.