Asalin Sunan Kurciyar Gamji

A ƙasar Adar, daga kwarin Majiya da ke yankin Buza har zuwa Keita da Madawa, manomi ya san kurciya da hasbiya da bardo, don kullum suna ƙasa suna tsintar hatsi. Amma akwai wata 'yar'uwarsu da ba ta cika sauka ba. Abincinta 'ya'yan itace ne, musamman na gamji da danginsa irin su ɓaure da ceɗiya. Bayanta kore ne, kanta toka-toka, cikinta rawaya kamar an shafa mata kurkum, ga ɗan shunayya a kafaɗa. In ta shige cikin ganye, sai ɓarɓashin 'ya'yan da ke zubowa ne zai tona asirinta. Bahaushe ya duba inda take wuni, ya ce da ita kurciyar gamji.

Masana kuwa suna kiranta Treron waalia, kuma kowace kalma da hanyar da ta biyo.

Ta biyun daga Habasha take. Wani matafiyi ɗan Sukotlan, James Bruce, ya shiga ƙasar yana neman mafarin kogin Nilu, ya kai idon ruwan Shuɗin Nilu a 1770. A littafin tafiyarsa da ya fito a 1790 ya kwatanta tsuntsuwar, ya rubuta sunan da ya ji a bakin mutanen wurin: waalia. A 1793 wani Bajamushe, Friedrich Meyer, ya shigar da ita littafin ilimi da sunan Columba waalia, bisa tsarin suna mai kalma biyu da Linnaeus ya kafa wa dabbobi a 1758. Columba tattabara ke nan da Latinanci.

Daga baya aka mai da ita cikin dangin Treron, wanda Bafaranshe Vieillot ya ware wa koren kurciyoyi a 1816. Kalmar ta Girkanci ce, tana nufin mai tsoro, mai saurin firgita. Haka Girkawan da can suke wa kurciya kirari.

Abin da ke daɗaɗa rai shi ne, da masu bincike suka bi diddigin abincinta, itacen da suka fi samunta a kai shi ne Ficus platyphylla. Gamji ke nan.