Stover Kulp: Baƙon Da Ya Ƙi Zama Raɓa

 Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato da rana ta fito baƙo zai kama gabansa. Mu da iyayenmu suka taso daga ƙasar Hausa saboda fatauci, aka haife mu a nan Mugulbu cikin Fali da Gude da Fulani, mun sha jin wannan magana, wani lokaci cikin raha, wani lokaci kuma cikin gori. Wannan ne ya sa nake so yau mu duba tarihin wani baƙo da ya fi mu nisan gida.

Duk wanda ya bi hanyar Mubi zuwa Hong ya san Kwarhi, inda hedikwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya take, wato EYN, tare da makarantar horar da limaman coci mai suna Kulp. Tun ina yaro nake jin sunan a bakin maƙwabtanmu Kirista masu sayayya a shagon mahaifina, amma kaɗan ne daga cikinmu suka san mai sunan.

An haifi Stover Kulp a shekarar 1894 a jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Cocinsu ta samo asali ne a Jamus a 1708, kuma an san ta da ƙin yaƙi da ɗaukar makami. A ƙarshen 1922 ya sauka Ikko tare da abokinsa Albert Helser. Niyyarsu ita ce su zauna a Biu, amma Turawan mulki ba su yarda ba, sai suka gangara Garkida a bakin kogin Hawul. A can ne ranar 17 ga Maris, 1923 suka yi addu'arsu ta farko a gindin wata tsamiya.

Jarrabawa ba ta jira shi ba. A 1924 matarsa Ruth ta rasu a wurin haihuwa, jaririn ma bai zauna ba. Wani da sai ya tattara nasa ya nasa ya koma gida, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Shi kuwa ya binne su a Garkida ya ci gaba da aiki, daga baya aka sa wa asibitin garin sunanta. Ya sake aure, ita ma ta biyun, Christina, ta rasu a 1952, bai tafi ba sai 1963 da tsufa ya kama shi. Shekara ɗaya da komawarsa Amurka ya rasu, yana da shekara 70.

Me ya yi a cikin waɗannan shekaru 40? Da farko dai ya zauna ya koyi yaren mutane. Shi da abokan aikinsa sun koyi Bura har suka riƙa koyar da yara karatu da shi, sannan ya wuce Lassa cikin Margi ya koyi nasu. An buɗe asibitin kutare a kusa da Garkida a 1929, a zamanin da dangi ma ke gudun mai wannan ciwo. Asibitin Lassa kuwa duniya ta san shi, domin a can aka fara gane zazzaɓin da ake kira da sunan garin a 1969, bayan ya kashe wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine. Makarantun Waka da ke Biu ma daga wannan mishan suka fito.

Ni Musulmi ne, kuma na san cewa wa'azin addininsa ne ya kawo shi, shi ma bai ɓoye wa kowa ba. Amma a layin karɓar magani an ga Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya, kowa da katinsa a hannu. Wannan gaskiya ce da bai kamata bambancin addini ya hana mu faɗa ba.

Abin da ya shuka ya sha wuya a idonmu. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok ranar 14 ga Afrilu, 2014 'ya'yan wannan coci ne. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar 'yan Boko Haram suka shiga Mubi da Kwarhi. Ina ɗan yaro a lokacin, amma ban manta yadda muka bi daji da ƙafa ba, mu da maƙwabtanmu, galan ɗaya na ruwa yana zagaya mu, ba mai tambayar sunan wani. Shagunanmu da coci-cocinsu rana ɗaya aka bar su ba mai tsaro. Da ƙura ta lafa suka dawo Kwarhi kamar yadda muka dawo kasuwa, kuma a 2023 suka yi bikin cika shekara 100.

To jama'a, ga abin da nake so mu ɗauka. Kulp ba shi da kaka ko ɗaya a wannan ƙasa, amma yau babu mai yi wa sunansa gorin baƙunta, saboda ya koyi harshen mutane, ya yi jinyar marasa lafiyarsu, ya tsaya tare da su ranar wuya. Mu fa? An haife mu a nan, amma mu nawa ne za su iya gaisuwa da Gude ko Fali? Mu nawa ke zuwa ta'aziyya idan maƙwabci Kirista ya rasu? Idan za a gyara rijiya ko hanyar unguwa, ana ganin hannunmu, ko sai dai ranar kasuwa? Takardar zama ɗan ƙasa tana da amfaninta, amma abin da maƙwabta za su shaida a kanka bayan ranka ya fi ta daɗewa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Mubi da ƙasa baki ɗaya, amin.