Lasifikan kallo na gida: lambobin da ke jikinsu da yadda ake gane ciwonsu

A Belbeji da Tanut da sauran garuruwan Damargu, masu gidajen kallon ƙwallo da magidanta na sayen kayan sauti daga kasuwar Dole ta Damagaram ko daga Kano. Da yawa kan mutu kafin shekara ta zagayo, kuma galibi haɗi ne ko wuta ke kashe su.

Mene ne 5.1?

Lasifika biyar ne da babbar mai gurnani guda. Biyu na gaba, hagu da dama. Ɗaya na tsakiya kusa da tele, ita ke fitar da maganar ƴan wasa. Biyu kuma na gefe ko bayan masu kallo. Mai gurnanin na ɗaukar sauti mai kauri, yawanci daga hertz 80 zuwa ƙasa.

Lambobi uku da ya kamata a duba

Wat: a nemi wanda aka rubuta RMS a gefensa, shi ne ƙarfin da lasifika ke jurewa tana aiki. Dubban wat da ake bugawa a kwali da sunan PMPO ado ne na kasuwa.

Om: yawanci 4, 6 ko 8. A bayan ampili an rubuta mafi ƙarancin da yake ɗauka. In aka jona lasifika biyu masu om 8 a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, sun zama om 4. Ampilin da ba a ƙera don haka ba zai yi zafi, ya riƙa yankewa, ko ya ƙone.

Bolt: wutar Nijar bolt 220 ce. Kayan gwanjo da aka yi wa kasuwar Amurka na aiki da 120, kuma da an soka su kai tsaye shi ke nan.

Alamomi da magani

Lasifika ta yi shiru: a musanya wayarta da ta wata mai aiki. In ta yi magana, laifin na waya ne ko na bakin ampili. In ba ta yi ba, a cire ta, a taɓa wayoyinta biyu da batirin cocila mai bolt 1,5 na ɗan lokaci kaɗan. Mai rai za ta yi ƙas.

Sauti ya yi siriri, babu kauri: sau da yawa an juya ja da baƙi ne a ɗaya daga cikinsu, sai su riƙa kashe wa juna gurnani.

Ƙugi marar yankewa: daga wuta yake zuwa. A raba wayar sauti da ta wuta, a jona tele da ampili a soket ɗaya. Inbata mai araha da ake haɗawa da batirin hasken rana ita ma tana kawo zuza, haka ma ƙaramin gurup.

Sauti na tsagewa: an ƙure ampili. A nan ne ƙaramar lasifikar sauti mai kaifi ke ƙonewa, don haka a rage tun kafin a ji ƙauri.

Kakari ko a ƙaramin sauti: takardar ta yage, ko nadin wayar ciki na gogar maganaɗisu. Wannan sai mai gyara.

Ƙura da zafi

Hunturu na cusa ƙura a ramukan iskar ampili da cikin maɓallin ƙara sauti, shi ya sa yake ƙarƙara in an murɗa. A Afrilu da Mayu kuma zafi kan haura digiri 40. A bar wa ampili sarari sama da gefe, kada a ɗora dikoda a kansa, a lulluɓe shi da zane bayan ya huce kawai.

Wajen kunnawa, ampili ne na ƙarshe, bayan gurup ya daidaita. Wajen kashewa, shi ne na farko.